Masu Kaɗe da Malaman Daji: Yadda Kimiyya Ta Tsallake Matan Birnin Gwari

A shekarar 1936 ne hukumar En'e ta keɓe wani yanki na dajin ƙasar Birnin Gwari ta mai da shi gandu. Shi ne aka ɗaga darajarsa a 1999 ya zama Gandun Dajin Kamuku na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,100, wanda ya haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Tun da aka shata iyakarsa daji ya samu masu iko na takarda, wato malamin daji da masu gadinsa, da kakinsu da littafin rasit, su ke faɗin itacen da za a sara da wanda za a bari. Dukansu maza ne. Amma in ana neman wanda ya san kaɗanyar da ke riga sauran zubar da 'ya'ya, ko ɗorawar da kalwarta ta fi cika, ko karan da tokarsa ta fi kaifi a sabulu, sai an shiga cikin gida, wajen matan Gwari da Kamuku da Hausawa da Fulani da suka gaji cin arzikin wannan daji kaka da kakanni.

Duk ranar 11 ga Fabrairu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2015 domin mata da 'yan mata a fannin kimiyya, akan maimaita alƙaluman UNESCO cewa a cikin masu binciken kimiyya uku a duniya ɗaya ce kacal mace. Wasu su ɗora laifin a kan al'ada, wasu su ce ai mata ne ba sa jituwa da lissafi. Tarihin wannan daji wani labarin yake bayarwa. Da sana'ar haɗa sinadari a hannu zamani ya tarar da matan nan. Sai dai duk sa'ad da wata sana'a ta tashi daga tsakar gida ta koma inji ko aji ko ofis, namiji ake fara buɗe wa ƙofa, mace ta biyo bayan shekara talatin, in ma ta biyo.

Tsohon Birnin Gwari yana kan hanyar fatake ne, tsakanin Nufe da Zariya da Kano. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Clapperton, ya bi ta nan a 1826. A ƙarshen ƙarnin kuma mahayan Kwantagora suka addabi ƙasar da hare-haren kamun bayi, har garuruwa suka watse. Ayarin da ke gangarowa daga arewa yakan zo da kanwa, kanwar kuwa hannun mata take faɗawa.

A ɗauki daddawa. Mai yin ta takan ɗora kalwa a wuta ta kwana tana tafasa, ana ƙara ruwa ana iza itace, har ɓawon ya yi laushi. Da gari ya waye a juye a turmi a surfa, wasu da ɗan yashi ko toka, a kai bakin rafi a yi ta wanki har ƙwayar ta fita fes. A sake mayar da ita wuta da 'yar kanwa. Daga nan ne gwaninta take farawa. Tun da zafinta za a tsane ta, a baza a kwando ko ƙwarya, a rufe da ganye, a lulluɓe da buhu, a kai lungun ɗaki inda iska ba ta kaɗawa, a bar ta kwana biyu ko uku. In da hunturu ne a ƙara rufi, a ƙara kwana. Ranar buɗewa hanci ne ma'auni: ta nuna, ko da saura, ko ta wuce. Yauƙin da ta yi da warin da ya bugi hanci su ne shaida. Sannan a daka, a mulmula, a shanya.

Sai a farkon shekarun 1980 wani masani a Jami'ar Ibadan, S. A. Odunfa, ya bi diddigin abin da ke faruwa a ƙarƙashin wannan ganye. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne, akasari irin da ake kira Bacillus subtilis, ke narka furotin ɗin kalwa su fitar da ɗanɗanon da ke ɗaga miyar kuka. Tafasawar ta kashe ƙwayoyin da za su ɓata aikin, rufin kuma ya tanadar wa waɗanda ake so ɗumi da laima. Duk ɗalibin da ya karanta kimiyyar abinci zai gane matakan nan ɗaya bayan ɗaya, don su ake koya masa a jami'a da wasu sunaye.

Man kaɗe ya fi haka wahala. Da faɗuwar damina mata da 'yan mata suke sammako su shiga daji tsintar kaɗe, ga raɓa ga macizai. A cinye ko a zubar da tsokar, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa a dutse har ya zama baƙin kwaɓi. Sai a durƙusa a kan kwano ana bugu da hannu, ana tsarga ruwa, wani lokaci mai ɗumi wani lokaci mai sanyi, har farin mai ya rabu da dusa ya taso sama. A kwashe, a tafasa ruwan ya ƙone, a tace, a bari ya daskare. In suya ta zarce man ya yi baƙi da ƙauri, in ƙwallon bai bushe ba ya yi tsami. Daga wannan man ne kuma ake samun sabulun salo, idan aka dafa shi da ruwan tokar da aka tace.

Kada dai a yi wa abin kwalliyar da ba tasa ba. Ilimi ne na ido da hannu, ba rubutu, ba awo, kuma ya cakuɗe da camfi. Mai daddawa ta san yadda ake yi sarai, dalilin ne ba ta sani ba, kuma in aikin ya lalace tana iya cewa baki ne ya kama shi. Makaranta ce ya kamata ta zo ta ƙara mata dalili a kan gwaninta. Da ta zo, sai ta wuce ta ƙofar gidan ba ta yi sallama ba.

Auduga ce ta fara nuna yadda za ta kaya. Gurza da shiɓa da kaɗi duk aikin mata ne a ƙasar Hausa, kuma da kuɗin zare da abawa mace ke yi wa 'yarta kayan ɗaki. Baba ta Karo, dattijuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, ta rayu ne a cikin duniyar da mazari ba ya barin hannun matar aure, kuma Giwa maƙwabciyar Birnin Gwari ce ta gabas. Kamfanin audugar Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza a Zariya kafin yaƙin duniya na farko, daga baya a Funtuwa. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki. Zaren inji ya kashe kasuwar na hannu, masu kula da injinan kuwa kusan dukansu maza. Sana'ar ba ta mutu ba, hannu ta sauya. Ƙira da narka tama dama tun fil'azal na maza ne, a wurare da yawa ma ba a yarda mace ta kusanci inda ake narkar ba, don haka da ƙarfe ya zama inji ba wanda ya ga baƙon abu a ce namiji ne makanike.

Mace ɗaya Bagwariya ta keta wannan shinge, ko da yake garinsu, Kwali, yana can kudu ne a yankin Abuja na yau. Ladi Kwali ta koyi ginin tukwane a wajen gwaggonta, da hannu, ba tare da injin juyi ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana cikin masu tara randunanta, a fadarsa ne kuma Bature Michael Cardew ya gan su. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane na zamani a garin Abuja na da, wato Suleja, a farkon shekarun 1950. Abin mamaki, a ƙasar da tukunya ta mata ce, maza aka fara ɗauka. Sai a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi injin juyi, da haɗa ruwan ƙyalli, da gashi a murhun da zafinsa ya ninka na toyin kara nesa ba kusa ba. An baje kayanta a Landan, ta zaga Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, yau kuma hotonta ne a bayan takardar naira ashirin.

Akwai wani ɗan abu a labarinta da ba a cika faɗa ba. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafo, iska ta busar da raɓar ta tafi da zafin. Da aka shafe randunan Ladi da ƙyalli aka gasa su suka zama kamar dutse, sai suka yi nauyi, suka daina tsattsafo, suka tashi daga kayan ruwa suka koma kayan ado na gidajen tarihi. Matan ƙauyen da suka san sirrin sanyin randa sun ci gaba da gininsu, ba wanda ya tambaye su komai.

Makarantar boko ta bi sawu ɗaya. Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano a 1909, ta 'ya'ya maza. Kwalejin Katsina, wadda ta yi ƙaura zuwa Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, an kafa ta a 1921, ita ma ta maza. Makarantun 'yan mata na gwamnati na farko sai a 1930, a Kano da Katsina, abin da aka fi koyarwa kuwa tsafta da ɗinki da renon yara. Cibiyar horar da malamai mata ta Sakkwato ta zo a 1939. Sakandaren gwamnati ta 'yan mata ta farko a duk Jihar Arewa, makarantar Sarauniya Elizabeth ta Ilori, sai a 1956, shekara 35 bayan ta Katsina. A wannan shekarar ce aka buɗe makarantar koyon sana'a ta Kaduna da ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha. Wato a shekarar da ake shirya 'yan Arewa maza su zama injiniyoyi, a shekarar ce ƙannensu mata suke shiga aji ɗaya na sakandaren gwamnati. Akwai makarantun mishan, irin ta Kakuri da ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, amma uba Musulmi a Kuyello ko Randagi na ƙasar Birnin Gwari da wuya ya kai 'yarsa can.

Turawa sukan kafa hujja da cewa sarakuna da iyaye ne ba sa so. Da ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ƙasar da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana tura jagorori mata da ake kira jaji ƙauye ƙauye suna karantar da matan aure tun kafin rasuwarta a 1864, ba za a ce ba ta san karatun mata ba. Gwamnatin mulkin mallaka akawu da malamin gona da malamin daji take buƙata, kuma a lissafinta babu mace a cikinsu.

Zinare ya fi kowane abu fallasa kuɗin da aka biya. Masana ƙasa sun daɗe da sanin jijiyar duwatsun da ta ratsa Birnin Gwari da Kushaka, kuma bayan Ingila ta saki ma'aunin zinare a 1931 farashi ya tashi, Turawa masu haƙa suka kwararo nan da Minna da ƙasar Zamfara. Yaƙin duniya na biyu ya kwantar da harkar, talakawa suka ci gaba da kayansu na hannu. A wannan aiki namiji ke shiga rami, kuma dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta hana ɗaukar mace aikin haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Mace ita ce ke daka dutsen, ta tankaɗe, ta wanke a kwano, sau da yawa a tsakar gida da goyo a baya. A 2010 aka wayi gari yara suna ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF suka shiga, aka gano gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen da ake niƙawa a gida, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 abin ya maimaita kansa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, wadda ke iyaka da Birnin Gwari, yara 28 suka tafi. Darasin kemistiri na aji huɗu ya isa ya sanar da uwa cewa dalma guba ce, zaibar da ake ƙonawa don ware zinare ita ma hayaƙinta guba ne.

A daidai lokacin da matan daji ke wankin ƙasa a kwano, wata mace tana auna ƙasar da na'ura a Samaru. Deborah Ajakaiye, haifaffiyar Jos a 1940, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello a 1970 kan kimiyyar binciken abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ilimin da ake nemo ma'adinai da ruwa da shi. A 1980 ta zama farfesar fiziks mace ta farko a Afirka. Daga Samaru zuwa ramukan Tsohon Birnin Gwari tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai allo ƙauyuka da dama. Tsarin 6-3-3-4 na shekarun 1980 ya zo da darasin fasaha a ƙaramar sakandare, amma a makarantu da yawa injinan da aka sayo suka tsufa a cikin akwatunansu don babu lantarki, inda aka buɗe su kuwa sai a tura maza aikin katako da ƙarfe, mata ɗakin girki. Jihar Kano ce ta fito da dabarar da ta yi tasiri: makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, na maza, sannan ta 'yan mata a Taura a farkon shekarun 1980. Jihar Kaduna ta bi sahu. Akwai sakandaren kimiyya a Birnin Gwari, ta 'yan mata kuma tana Giwa. Hikimar ita ce ɗakin gwaje-gwaje da malamin fiziks suna da tsada, ba za su samu a kowane gari ba, gara a tara haziƙai a makarantar kwana guda. Dabarar ta haifar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Amma ta jingina ne a kan abu biyu: uba ya yarda 'yarsa ta kwana a wani gari, hanya kuma ta kasance lafiya.

Na biyun ne ya rushe, ya ja na farkon. Tun wajen 2014 hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku da Udawa, da ta Funtuwa ta Dogon Dawa, suka zama sai da rakiyar jami'an tsaro ko da addu'a. A duba sunayen makarantun da aka kwashe wa ɗalibai. 'Yan matan Chibok na 2014 sun taru ne don jarrabawar ƙarshe, takardar fiziks ke gabansu. Dapchi a 2018 kwalejin kimiyya da fasaha ce ta 'yan mata. Ƙanƙara a Disambar 2020 sakandaren kimiyya ce. Kagara, nan maƙwabta, a Fabrairun 2021 kwalejin kimiyya ce. Jangebe, kwana tara bayan Kagara, sakandaren kimiyya ce ta 'yan mata, aka tafi da 279. Ɓarayin daji ba ruwansu da manhaja. Inda yara suka taru da yawa a bayan gari cikin dare suke nema, makarantun kimiyya kuwa haka aka gina su.

A daren 11 ga Maris 2021 suka fasa katangar Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, a bakin hanyar Birnin Gwari daga Mando, suka kora ɗalibai 39 cikin daji. Iyaye suka yi ta zarya har ƙofar Majalisar Tarayya a Abuja, na ƙarshen ɗaliban ba su fito ba sai 5 ga Mayu. A cikin 39 ɗin nan 23 mata ne. Shekara 85 bayan shata gandun Kamuku, 'yan mata sun fara cika ajin da ake yaye malaman daji, kuma ta wannan mummunar hanya ce akasarin mutane suka ji labarin. Kwana huɗu bayan Afaka aka sace malamai uku a firamaren Rama cikin ƙasar Birnin Gwari. A Maris 2024 aka kwashi yaran makarantar Kuriga daga filin taron safe.

Idan makaranta ta rufe, yaro namiji akan tura shi wajen kawu a Kaduna ko Zariya ya ƙarasa. Yarinya sai a ce ta ɗan jira a ga yadda hali zai yi, kafin hali ya yi kuwa an kawo kuɗin gaisuwa. Wasu sukan dawo bayan aure. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, wadda ta yi sakandare a Kaduna, ta yi aure bayan ta gama, ba ta shiga jami'a ba sai tana da shekara 29 da 'ya'yanta, ta karanta fiziks, ta kuma karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier a 2015 kan binciken yanayin sararin sama. Sai dai ita da takardar sakandarenta a hannu ta shiga ɗakin miji, kuma jami'ar tana cikin garin da take zaune.

A ƙarshen Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu da wasu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta shafe shekaru a rufe, motoci suka dawo hanya. Kaduna tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, mai dala miliyan 500, da aka amince da shi a 2020 don karatun 'yan mata. A Agustan 2025 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗe na wata shida, tana cewa Nijeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na kaɗen duniya amma rabonta a kasuwar bai wuce kashi ɗaya ba. Manufar ita ce a riƙa tace man a gida, a sayar wa masu yin cakulan da man shafawa. Farashin ƙwallon ya faɗi nan take, masu tsinta suka fara ji a jikinsu.

In masana'antun suka tabbata, za su nemi mai auna tsamin mai, da mai kula da tukunyar tururi, da mai sa hannu a takardar inganci. 'Yar mai kaɗe daga Kakangi ko Maganda da ke son ɗaya daga cikin kujerun nan sai ta ci kemistiri da bayoloji da lissafi da Turanci a jarrabawar fita sakandare, a makarantar da ke da malaman da suka yarda a turo su yankin suka kuma zauna. Sannan ta rubuta jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta, cibiyoyinta a jihar kuma sun fi yawa a Kaduna da Zariya.